Itacen Hansai a Gefen Hita

Akwai wani bawan Allah a unguwar Barking ta birnin Landan mai suna Masawudu. Duk wanda ya san shi Dakta yake ce masa, shi ma kuma ba ya son a manta da wannan sunan. Ba likitan asibiti ba ne. Aikin gona ya karanta tun a Zariya, ya zo Landan ya ƙaro ilimi a kan ƙasar noma da taki har ya kai ƙarshen karatu.

Sai dai Allah bai ƙaddara zai ci abinci da wannan karatun ba. Shekara ashirin da biyu ya yi a wani ofishin gidaje yana cike takardu, takardar digirinsa tana rataye a falo cikin gilashi. Wataƙila shi ya sa in aka taɓo maganar shuka a gabansa, ba ya barin kowa ya kai aya.

Matarsa Hansai ba ta yi karatu mai nisa ba. Aikin kula da tsofaffi take yi. Akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar Japan a Woolwich da ta yi wa hidima shekara shida, tana yi mata wanka, tana ba ta abinci a baki. Da tsohuwar ta ji jikinta ya ƙi, sai ta ba Hansai abin da ta fi so a duniya: wani ɗan itace a cikin faffaɗan kasko mai ruwan toka.

Tsawonsa bai kai gwiwar mutum ba, amma ya haura shekara hamsin. Irin itacen nan ne da Turawa ke kira pine, mai ganye kamar allurai, ɓawonsa baƙi ya tsattsage kamar tafin ƙafar manomi. Tsohuwar ta ce a ƙasarsu ana shuka manyansa a bakin teku su tare iska da yashi, ana ƙawata lambu da shi, ana kuma ajiye rassansa a ƙofar gida in sabuwar shekara ta zo. Wasu kuma su raine shi a kasko, suna datse shi yana tsufa ba ya girma, uwa ta bar wa 'ya, 'ya ta bar wa jika.

Hansai ta ajiye shi kan wani benci a ɗan filin bayan gidansu. Shekara goma sha ɗaya tana rainonsa. Tana da ɗan almakashinta da wayar da take lanƙwasa rassa da ita. Bayan sallar asuba takan fita ta tsoma yatsa a kaskon, wata rana ta zuba ruwa, wata rana ta dawo da butarta cike.

Dakta kuwa tsokanarta yake yi. Yakan ce bai taɓa ganin itacen banza irin wannan ba, ba inuwa, ba 'ya'ya, ko asuwaki ba a samu a jikinsa. Ita dai sai ta yi murmushi ta ce, "Baban Zarah, ai ba kowane abu ake ci ba."

Zarah ita ce 'yarsu tilo. A nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa. Tsakaninta da mahaifinta ba faɗa, ba kuma hira. In ta fara magana sai ya gyara mata, in ta yi shiru ya ce ta cika miskilanci. Duk abin da ɗaya yake son gaya wa ɗaya, ta bakin Hansai yake bi. Da ta gama karatun jinya sai ta samu aiki can Glasgow, tana zaune a ɗaki ɗaya a saman bene.

Ana nan sai ciwo ya kama Hansai. Daga gwaji zuwa kwanciya, wata huɗu kacal aka yi.

Kwana biyu kafin rasuwarta, da rana tsaka a asibiti, ta riƙe hannun mijinta ta ce itacen nan na Zarah ne. Yarinyar ba ta da inda za ta ajiye shi yanzu, amma aikinta na can zai ƙare watan Afrilu, ta dawo Landan. Ya riƙe mata shi amana zuwa lokacin.

Ta ja numfashi ta ce, "In sanyi ya shigo, don Allah kada ka..."

Ya dafa ta ya ce ta huta, kada ta wahalar da kanta. In ba a bar masa komai a duniya ba, ai an bar masa sanin shuka. Hansai ta dube shi, ta lumshe ido, ba ta ƙarasa ba.

Allah Ya yi mata rasuwa cikin watan Oktoba. Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan namu da suka riga mu.

Bayan an watse daga zaman makoki, wani abu ya faru da Dakta bai zata ba. Zarah ta fara kiransa a waya duk ranar Lahadi. Da tambayar itacen take farawa, ya amsa, daga nan sai magana ta ɗan zarce: ko ya ci abinci, ko ya je an duba masa hawan jini. Minti biyar, wata rana goma. A rayuwarsa bai taɓa samun haka daga 'yarsa ba. Ya kuma san sarai cewa ɗan itacen nan ne igiyar da ta ɗaure su.

Ƙarshen Nuwamba aka wayi gari da sanyin da ke daskarar da ruwa. Dakta ya leƙa bayan gida ya ga allurorin itacen sun yi fari fat, tsakuwar kaskon ta ƙame kamar siminti.  Shi a saninsa, tun gonar mahaifinsa a Funtuwa har ajin jami'a, tsiro ɗumi yake so, sanyi kuwa maƙiyinsa ne. Ga kuma wani tunani da bai gaya wa kowa ba: Hansai tana can kwance cikin wannan ƙasar mai sanyi, ba abin da zai iya yi mata. Wannan kam zai iya.

Ya rungumo kaskon ya shigo da shi falo. Ya ajiye shi kan tebur a gefen hita mai ɗumama ɗaki, daidai inda kujerarta take.

Maƙwabcinsu na jikin katanga wani mutumin Filato ne mai suna Dalyop, ana kiransa Baban Israel, ma'aikacin lambunan council, wato ƙaramar hukuma. Shi da matarsa Angelina sun tsaya tsayin daka lokacin rasuwar, kwana bakwai tukunyarsu ba ta sauka ba. Washegarin shigar da itacen falo Dalyop ya hango bencin ba komai, ya zagayo ya buga ƙofa a tsorace, yana zaton sata aka yi. Da ya ga itacen a falo sai ya riƙe baki.

Ya yi bayani cikin ladabi. Ya ce wannan itacen sanyi ne barcinsa. Dole ya kwana a waje, ya sha iska da raɓa, in ba haka ba zai yi ta farke har ƙarfinsa ya ƙare. In ma sanyin ya yi tsanani, a matsar da shi jikin bango a nannaɗe kaskon da buhu, haka Maman Zarah take yi duk shekara, shi yake miƙo mata buhun ta saman katanga.

"Dakta, itacen nan fa ba ɗan Funtuwa ba ne," in ji shi yana ɗan dariya.

Dariyar ce ta ɓata komai. Dakta ya ji kamar an tsaya gaban takardar nan ta cikin gilashi ana yi mata gwalo.

"Baban Israel," ya ce, "ka je ka ci gaba da yankan ciyawar council. Ranar da na rasa mai koya min shuka, zan aiko a kira ka."

Dalyop ya sunkuyar da kai, ya ba da haƙuri, ya fita.

Da ma a nan abin ya tsaya, da wataƙila da sauƙi. Amma da Dakta ya zauna ya ƙare wa kaskon kallo, sai ya ga ba ƙasar kirki a cikinsa, tsakuwa ce zalla, ruwa na shiga yana fita. Ya girgiza kai. Ashe shekara da shekaru yunwa ake gana wa bawan Allah, shi ya sa ya ƙi girma. Ya je ya sayo baƙar ƙasa mai maiƙo da taki, ya shimfiɗa jarida a tsakar falo, ya zare itacen daga kaskonsa, ya kakkaɓe saiwoyin tas, ya mayar da shi cikin sabuwar ƙasa ya danne. Safe da yamma yana ba shi ruwa, har da ɗan ɗumi-ɗumi don kada ya ji sanyi.

Ranar Lahadi Zarah ta kira. Ta fara cewa Mama takan ce kada a yawaita masa ruwa, kuma game da lokacin sanyi... Ya katse ta. Ya tambaye ta ko ita ce za ta koya masa shuka, ita da ko gero ba ta taɓa gani a gona ba. Ta ce ya yi haƙuri. Ya ɗauki hoton rassan daga kusa ya tura mata, kore shar. Ta aiko masa da alamar zuciya.

Ku ji abin da Dakta bai sani ba, kuma duk karatunsa ba a koya masa ba. Wannan itacen ba ya nuna ciwonsa da wuri. Saiwa za ta iya ruɓewa a ƙasa, sama yana nan kore makonni da yawa, kamar mutumin da ke amsa gaisuwa da "lafiya lau" alhali cikinsa ya gama cinyewa.

Disamba ta wuce yana kore. Cikin Janairu ma har wasu 'yan toho suka leƙo a bakin rassa, sirara, fari-fari. Dakta ya yi murna har da hawaye. Ya tare Dalyop a bakin ƙofa yana fita aiki, ya nuna masa hoto, ya ce ga itacen da aka ce barci yake so. Dalyop ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce wannan ba tohon lafiya ba ne, ya roƙe shi ko yanzu a fitar da shi wuri mai sanyi, a cire shi daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Dakta ya karɓe wayarsa ya shige gida.

A watannin nan falon ya zame masa duniya. In ya dawo daga aiki sai ya zauna kusa da itacen ya yi lazimi, ya ba shi labarin ofis kamar yadda bai taɓa ba Hansai ba. Wani lokaci ya kai hannu ya shafa sawun wayar da ta bari a jikin reshe.

Tsakiyar Fabrairu koren ya fara dusashewa, ya koma kamar tsohuwar rigar soja. Tohon nan ya lanƙwashe. Dakta ya ce rashin abinci ne, ya ƙara taki. Ya ce ƙishi ne, ya ƙara ruwa. Allurai suka fara zuba kan tebur, yana sharewa kafin ya tafi aiki, ya dawo ya tarar da wasu. Ranar Lahadi kuma sai ya tura wa Zarah tsohon hoto.

A wannan tsakanin ne ta kira shi da murna a muryarta. Ta samu flat, wato ɗan gida a bene, a unguwar Abbey Wood ta Landan. Ta ce ta ga guda biyar, huɗu sun fi kusa da wurin aikinta, amma wannan ne kaɗai yake da baranda mai samun rana da iska. Saboda itacen Mama ta zaɓe shi. Har ta sayi ɗan benci.

Dakta ya ce madalla, Allah Ya sa albarka. 

Azumi ya kama, ya kai goma, kafin ya iya taka ƙafarsa zuwa ƙofar maƙwabcinsa. Ranar Asabar ce da hantsi. Bai san da wane baki zai fara ba. Dalyop bai bari ya wahala ba, yana ganin fuskarsa ya sa takalmi ya biyo shi.

Dalyop ya durƙusa gaban teburin. Ya fiddo 'yar wuƙa ya kankare ɓawon wani reshe kaɗan. Ya ce in akwai rai za a ga kore a ƙarƙashi. Ba kore, sai launin busasshen kara. Ya gwada wani reshen. Ya sauko har gindin. Daga nan ya tura yatsu cikin ƙasar ya zaro wata saiwa, baƙa, ta narke a hannunsa, wari ya tashi kamar na kwata.

"Ba abin da za a yi?" in ji Dakta. "Ko wani magani, ko allura? Ko a fitar da shi yanzu?"

"Dakta, ya daɗe da tafiya. Ganyen ne bai ba ka labari da wuri ba."

A nan ne maganar asibiti ta dawo wa Dakta. In sanyi ya shigo, don Allah kada ka. Kalma uku ko huɗu suka rage mata, da sauran numfashin da take ta tattalinsa, shi kuma ya rufe mata baki da sunan tausayi. Ya zauna a ƙasa kan kafet, dattijo mai furfura, da azumi a bakinsa.

Da ya ɗan dawo hayyacinsa sai shaiɗan ya kawo masa shawara. Ya tambayi Dalyop ko ya san inda ake sayar da irinsa, a samo mai kama da shi a sa a kaskon. Dalyop ya girgiza kai. Ya ce ko an samu, yarinyar nan ta san kowane reshe, tun tana makarantar sakandare take riƙe wa uwarta waya ana lanƙwasawa. Kuma shi dai ba zai sa hannu a yaudari marainiya ba. Ya ce abu ɗaya ya rage, a gaya mata kafin ta zo.

Dakta ya ɗauki waya ya fi sau ashirin a makonnin da suka biyo baya. Bai iya ba.

Mako biyu bayan ƙaramar Sallah Zarah ta iso. Ta sauka daga jirgin ƙasa na District line da rana, da jaka a kafaɗa da wani babban kwali da ta huda wa ramuka don itacen ya sha iska a hanya. Ta gaishe shi a tsaye a bakin ƙofa, ta wuce kai tsaye bayan gida. Ya ji ta tsaya. Ya ji takunta na dawowa a hankali.

Ta shigo falo ta gan shi. Ja wur, rabin rassan tsirara, ga hita a gefensa.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye kwalin, ta durƙusa, ta taɓa baƙar ƙasar da yatsa, ta dubi yatsan. Ta tambaye shi da Turanci tun yaushe yake cikin ɗaki. Ya ce tun Nuwamba. Ta tambayi hotunan da yake turo mata. Ya ce tsofaffi ne.

"Uncle Dalyop yana nan jikin katanga, Baba. Bai gaya maka ba?"

Ga ƙofar ƙarya a buɗe, ya kuma san in ya bi ta ba mai tona shi. Amma ya gaji.

"Ya gaya min. Sau biyu. Na kore shi."

Zarah ta gyaɗa kai. Ta ɗauki kaskon da hannu biyu ta sa a kwalin, a hankali, kamar mai gudun kada ya ji ciwo. Ya ce ta zauna ta ci abinci, ya yi mata miyar kuka da kansa tun safe. Ya ce ta yi masa faɗa, ta zage shi ma in tana so, ya cancanta.

Sai ta gyara mayafinta, ta durƙusa har ƙasa, ta yi masa magana da Hausa tsantsa, a tsanake, irin wadda ake yi wa baƙon da ake girmamawa.

"Ba komai, Baba. Allah Ya ba da ladan wahala. Na gode. Sai an kwana biyu."

Ya bi ta har bakin titi yana cewa ta kawo ya riƙe mata kwalin zuwa tasha. Ta ce ya bari, ba nauyi. Ya tsaya yana kallonta har ta sha kwana, ga itatuwan layin duk sun yi fure, kowane gida da tsiron da ya fito daga sanyi da ransa.

Daga Barking zuwa Abbey Wood ba nisa, kogi ne kawai a tsakani. Yau shekara guda ke nan bai san kalar ƙofar gidanta ba. Ba ta yanke zumunci ba, yarinya ce mai tsoron Allah. Tana aiko da gaisuwar Juma'a a rubuce, layi ɗaya, in bai da lafiya ta turo masa sunan magani. Ya nemi gafarar Dalyop, Dalyop ya yafe tun kafin ya rufe baki. Ya nemi ta Zarah, ta ce ai ta yafe tuntuni. Ya kuma yarda ta yafe ɗin. Hirar ce dai ba ta dawo ba, shi kuma bai san abin da zai tambaye ta ba, don bai taɓa koyon tambaya ba.

Darasi: So ba ya wadatarwa in ba a haɗa shi da saurare ba. Dakta bai ƙi amanar da aka ba shi ba, ƙaunarta ce ma ta hana shi sukuni, amma girman kai ya sa ya kashe ta da hannunsa yana zaton raino yake yi. Ilimin da ka sani na wurinsa ne, ba na ko'ina ba, kuma mai tambaya ba ya ɓata. In matarka, ko ɗanka, ko maƙwabcin da kake ganin ka fi shi ya buɗe baki, bar shi ya ƙarasa, don ba ka san ko maganar ƙarshe ce ba. Allah Ya raba mu da girman kai, Ya ba mu ikon riƙe amana. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wanda nasa itacen yake kore har yanzu.